Wai mene ne "cathedral" da Hausa? Babban coci ne ko wani abu dabam?

Mai Fassarar Dare:

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka.

Ni ma'aikacin wani gidan rediyo ne mai zaman kansa a nan Kano. Aikin dare nake yi. Labaran ƙetare su shigo da Turanci, ni kuma in juya su zuwa Hausa kafin mai karanta labaran ƙarfe shida ya iso. Shekarata bakwai a kan wannan tebur, kuma akwai kalma guda da kullum nake raɓawa ta gefenta kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Kalmar ita ce cathedral.

Da can ko tsayawa ba na yi. Da na gan ta sai in rubuta "babban coci" in wuce abina. Haka na yi a Disambar 2024 da aka sake buɗe Notre-Dame ta birnin Faris, bayan gobarar da ta cinye rufinta a Afrilun 2019. Aka karanta, babu wanda ya ce uffan.

A 2025 ne asirina ya tonu. Da Fafaroma Francis ya rasu a watan Afrilu, kwana da kwanaki ina rubuta "babban cocin St. Peter da ke Batikan", don a can aka ajiye gawarsa jama'a na zuwa ban kwana. Aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayu. Kafin watan ya ƙare sai ga labari wai sabon Fafaroma ya je ya karɓi cathedral ɗinsa na birnin Rum, wani wuri mai suna St. John Lateran wanda ban taɓa jin sa ba. Ƙarfe huɗu na asuba ne, ido ya yi nauyi, na rubuta "babban cocin birnin Rum" na miƙa.

Da hantsi wani dattijo ya bugo waya ofis. Tsohon malamin makaranta ne, irin masu sauraron nan da ba sa bari kuskure ya kwana. Aka haɗa shi da ni. Ya ce, "Yaro, babban cocin nan naku guda nawa ne a gari ɗaya? Watan jiya kun ce St. Peter, yau kun kawo wani. Wanne ne babban?" Na yi ta inda-inda har ya gaji ya kashe wayar.

Da na koma na duba takardun Turancin, sai na lura ko sau ɗaya ba su kira St. Peter da cathedral ba, basilica suke cewa. Ni ne na zuba su a ƙwarya ɗaya na dama. Editanmu ya ce in daina wahalar da kaina, in riƙa sa "katafaren coci" kowa ya huta. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar ECWA, na tambaye ta, ta yi dariya ta ce su ba su da wannan abin a cocinsu, in nemi ɗan Katolika.

To ga ni na zo. Me kalmar take nufi a ainihi? Kuma ku da kuke zuwa coci da Hausa, me kuke cewa? Ina son abin da zan iya sa wa a bakin mai karanta labarai ba tare da dattijon nan ya sake kira ba.

Ɗan Katikis:

Wa alaikumus salam Malam. Dattijon nan gata ya yi maka, ka nemi lambarsa ka gode masa.

Ni ɗan Katolika ne, haifaffen ƙasar Malumfashi, mahaifina ya yi aikin katikis, wato koyar da addini a coci, har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu a Kaduna nake zaune. Abin da zan fara ce maka, ka cire girman gini daga ranka gaba ɗaya. Maganar kujera ake yi. Kujera ta gaske, mai ƙafafu, wadda ake zama a kai.

A wurinmu an yanka ƙasa yanki-yanki, kowane yanki muna ce masa dayosis, kuma bishop ɗaya ne ke riƙe da shi. Dayosis na iya samun coci hamsin ko ɗari, amma a ɗaya tak ake kafa kujerar bishop. Sunan kujerar da Latin cathedra. Cocin da take ciki shi ne katidiral, haka muke faɗa ko da Hausa muke magana. In ka shiga irin wannan coci ka duba can gaba wajen bagadi, za ka gan ta ita kaɗai, sau da yawa da tambarin bishop a samanta. Ko bishop ya yi tafiyar wata uku, Fada, wato limamin cocin, da ke jagorantar sujadar Mas ba zai hau ta ba, akwai tasa kujerar a gefe. Tun ina yaro aka ja mini kunne a kan wannan, ranar da muka je Sakkwato da Baba na ga kujera mai kyau babu kowa a kai na nufe ta.

Ga misalin da ya faru a gaban idonmu. Har zuwa 2023 mu Katolikan Katsina a ƙarƙashin Sakkwato muke, wurin Bishop Matthew Kukah, kujerarsa kuma tana cocin Holy Family a Sakkwato. A Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina ta zama dayosis mai cin gashin kanta, ya ba Gerald Musa, ɗan Malumfashi, wanda shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika. A Disamba aka naɗa shi. Cocin St. Martin de Porres da ke cikin garin Katsina, wanda jiya-jiya coci ne kamar kowane, sai ya wayi gari katidiral. Ƙarin bulo bai ba shi wannan suna ba, zuwan kujera ne ya ba shi.

Da ka riƙe wannan, rikicin Rum ya warware da kansa. Fafaroma, ban da shugabancin Katolikan duniya, shi ne bishop na birnin Rum, kuma kujerarsa ta bishop tana Lateran tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Kustantin. A jikin ginin ma an rubuta da Latin cewa shi ne uwa kuma shugaban dukan coci-cocin birnin da na duniya. St. Peter ya fi shi girma, ya fi shi suna, a can ake yawancin manyan bukukuwa, amma basilika ne. Basilika kuwa lambar girma ce da Fafaroma ke ba wani coci saboda tarihinsa ko yawan masu kai ziyara. Gini ɗaya na iya haɗa sunayen biyu, amma kowanne da abin da yake nufi. Ka ga abin da Fafaroma Leo ya je yi ranar nan, hawa kujerarsa ya je yi.

Ko a Abuja akwai tarko biyu da za ka iya faɗawa. Wannan dogon ginin na Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, wanda ake hangowa tare da Masallacin Ƙasa, na dukan ɗariku ne, babu kujerar bishop ɗin kowa a ciki, saboda haka ba katidiral ba ne. Na Katolika kuma da ke Area 3 a Garki, Our Lady Queen of Nigeria, za ka ga ana rubuta masa pro-cathedral, wato na riƙon ƙwarya, kujerar na zaune a can kafin a gama mata wurin dindindin.

Kujerar ba ado ba ce, tana da aiki. A makon da ke gabanin Ista duk firistocin dayosis kan taru a katidiral, bishop ya keɓe man da za a yi aiki da shi shekara guda wajen baftisma da shafa wa marasa lafiya da naɗin sababbin firistoci, kowa ya ɗebi na cocinsa a 'yar kwalba ya koma. Na sha ganin kwalaben nan sun iso ƙauyenmu a jakar Fada a bayan babur.

Shawara ɗaya: kada wani ya ruɗe ka ka rubuta "fadar bishop". Na farko, gidan da bishop ke kwana dabam yake da cocin. Na biyu, mu firist muke kira Fada. Ka ce a rediyo Fada ya tafi fadar bishop ya gana da fada-fada, mai karanta labaran ma sai ya sarƙe.

Na Bakin Kasuwa:

Tirƙashi! Ashe duk wannan dogon Turanci a kan kujera ake yin sa. Ko'ina ka leƙa a duniyar nan dai kujera ce.

Ni fa a ƙwallo na san kalmar. Filin Athletic Bilbao a Sifaniya, San Mamés, ai La Catedral suke ce masa. Shekara da shekaru ina ɗauka wani nau'in filin wasa ne. To Ɗan Katikis, wane bishop ne ke da kujera a can, ko alƙalin wasa ne? Wasa nake yi, a ci gaba, muna ƙaruwa.

Malam Mai Ƙamus:

Ɗan Katikis ya gama magana ta fuskar masu abin. Bari in ɗan ƙara ta fuskar harshe, tunda abincina ke nan, shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da Larabci da fassara a kwaleji.

Asalin kalmar Girkanci ce, kathedra, daga kata mai nufin ƙasa da hedra mai nufin mazauni. Latin ya ara, masu coci suka riƙa cewa ecclesia cathedralis, wato coci na kujera. Ka lura, a nan kalmar sifa ce. Da tafiya ta yi tafiya sai aka yar da sunan aka riƙe sifar, kamar yadda muke cewa yaro yana firamare ba sai mun ce makarantar firamare ba, ko mu ce za mu Juma'a. Abin da zai ba ka dariya, kalmar Turancin nan ta kujera da 'yan aji ɗaya ke haddacewa, chair, ita ma jikar kathedra ce, ta bi ta Faransanci ta sha wanki har ta koɗe.

Me ya sa kujera? Saboda a zamanin da malami a zaune yake koyarwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san buzun malam, ya san babu almajirin da zai hau shi, ya kuma san in malam ya rasu tambayar farko ita ce wa zai zauna a buzun. Ita ce dai kujerar farfesa a jami'a, har a Sifaniyanci cikakken farfesa catedrático ake ce masa. Kuma Malam Mai Fassara, wata rana za ka ci karo da ex cathedra a labari. Ma'anarta "daga kan kujera", wato Fafaroma ya yi hukunci a kan aƙida da cikakken ikon muƙaminsa. Taron Batikan na 1870 ne ya tsayar da wannan ƙa'ida, kuma abu ne da ba kasafai ake yi ba, misalin da kowa ya sani shi ne na Fafaroma Pius na 12 a 1950. 'Yan jaridar Turai kuwa sun mai da shi habaici ga duk mai magana kamar ba a ja da shi.

Larabawa ba su wahalar da kansu ba, aron kalmar suka yi suka ce katidra'iyya. Amma gwamnatin Fafaroma suna ce mata al-Kursiyyur Rasuli, ka ga kujerar ta sake fitowa. Mutanen Fotugal na ce wa irin wannan coci Sé, daga kalmar Latin ta mazauni. Italiya da Jamus suka bi ta wata hanya, duomo da Dom, daga kalmar gida.

Na ji wasu na kwatanta shi da masallacin Juma'a. Kwatancen ya yi rabi. Gaskiya ne masallacin Juma'a ma aikinsa ne ya bambanta shi da na unguwa, ba faɗinsa ba. Amma yau masallatan Juma'a nawa ne a Kano? Sun fi a ƙirga da yatsu. Dayosis kuwa kujera ɗaya gare ta. Kwatancen da ya fi zama mini shi ne karaga. Attajiri na iya gina bene mai hawa goma a Nasarawa wanda ya fi Gidan Rumfa tsayi, ba zai sa a je gidansa gaisuwar Sallah da dawakai ba.

Akwai wurare biyu da wannan bayani zai cece ka a fassara. Masallacin Ƙurɗuba na Andalus, wanda Abdurrahman ad-Dakhil ya fara ginawa a 785. Da Kiristoci suka karɓi garin a 1236 suka kafa kujerar bishop a ciki, daga baya a ƙarni na 16 suka gina coci a tsakiyarsa. Ginshiƙan na nan, mihrabin na nan, amma a hukumance katidiral ɗin garin ne har gobe, shi ya sa za ka ga ana haɗa masa suna biyu a labarai. Aya Sofiya ta Santambul kuma akasin haka ta yi. An gama ta a 537, ta yi ɗaruruwan shekaru tana mazaunin shugaban cocin Kustantiniyya, ta koma masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka dawo da salla a 2020. In ka ce "tsohon babban coci" ba ka yi ƙarya ba, amma ka zubar da rabin labarin.

Ni da za a bi tawa, da mun ƙirƙiri tamu: "cocin karaga", ko "majami'ar bishop". Hausa ba ta rasa kalma ba, mu ne muke ragwanci.

'Yar Wusasa:

Baba Malam, na ƙaru ƙwarai da bayanin buzu, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma a yi mini afuwa, kalmomin nan biyu da ka kawo ba za su shiga kunnenmu ba.

Majami'a dai na san gidajen rediyo sun saba da ita, kuma muna gane abin da suke nufi. Sai dai a Littafi Mai Tsarki na Hausa, majami'a wurin taron Yahudawa ne. Jama'ar masu bi ikilisiya ce, babban ɗakin Urushalima kuma Haikali. Ginin da muke zuwa ran Lahadi, a bakin kowa coci ne, tsofaffinmu wasu su ce ɗakin sujada. In ka ce "majami'ar bishop" kakata za ta tambaye ka yaushe bishop ya koma Bayahude. Karaga kuma ta cika ƙamshin sarauta. Kai da kanka ka ce kujerar koyarwa ce. A Matiyu 23:2 akwai maganar malaman Attaura da ke zaune a kujerar Musa, kuma a Girkancin wurin wannan kalmar taku ce, kathedra. Kujera dai ta ishe mu.

Ni 'yar Angilika ce, mu ma muna da bishop, muna da katidiral. St. Michael a Kaduna, St. George a Sabon Garin Zariya, namu na Wusasa kuma sunan St. Bartholomew yake ɗauke da shi. Duk wanda ke ganin sai gini ya yi kama da na Turai, ya zo Wusasa ya ga tsohon cocinmu na 1929, ginin ƙasa irin na Hausawa, tun lokacin da mishan ɗin su Dokta Miller ya tashi daga cikin birnin Zariya ya dawo nan. Bishop ɗinmu baƙar fata na farko ma, Samuel Ajayi Crowther, a katidiral ɗin Kantabiri na Ingila aka naɗa shi a 1864. Maigidana kuwa ɗan ECWA ne, kuma maƙwabciyarka gaskiya ta faɗa maka, Malam. Su ba su da muƙamin bishop, haka 'yan Baftis. Inda babu bishop, wa za a ajiye wa kujerar?

Amma ga inda nake so ka yi hattara, don Ɗan Katikis da Baba Malam ƙa'idar littafi suka ba ka, titi kuma da tasa. Ka zaga Kaduna ko Jos ko Legas ka karanta allunan coci-coci. Sababbin coci da yawa, da zarar sun zuba dakali sun sa gilashi, sai ka ga Cathedral a allo, wani ma a saman shago yake. Wasu shugabansu na kiran kansa bishop, wasu ko wannan babu, sunan ne dai ya yi musu daɗi. Ba mu kaɗai ba ne. A Kalifoniya ta Amurka wani mai wa'azin talabijin, Robert Schuller, ya gina coci na gilashi zalla a 1980 ya sa masa Crystal Cathedral, alhali ɗarikarsa ba ta da bishop. Da bashi ya ci ƙungiyar, Katolikan yankin suka sayi ginin, suka gyara, suka kafa kujerar bishop, a 2019 aka keɓe shi da sunan Christ Cathedral. Kusan shekara arba'in yana amsa sunan kafin ya zama abin.

Don haka ni a ganina, in kalmar na cikin sunan da masu wuri suka raɗa wa kansu, ka bar musu sunansu yadda yake, ba aikinka ba ne ka yi musu alƙalanci a labaran safe. "Katafaren coci" na editanku kuma ka ajiye shi don irin Faith Tabernacle na Ota mai cin mutum 50,000. Can ya dace.

Na Bakin Kasuwa, filin ƙwallonka ma irin wannan aron ne. Turawa in wuri ya cika musu ido har suka ji tsikar jikinsu ta tashi, sai su ce masa cathedral, ko daji ne ko kogo.

Direban Galmi:

Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nike, ban yi lakwal mai nisa ba, amma wanga zance na gan shi da idona.

Shekara tara ina jan babbar mota, muna ɗaukar albasa daga Galmi mu kai Abijan. Duk wanda ya bi hanyar nan ya san Yamusukuro. Tun kana nesa da gari za ka hango wata ƙubba ta tashi sama cikin daji kamar ba mutum ya gina ta ba. Tsohon shugabansu Houphouët-Boigny ya gina ta a garinsu, Fafaroma Jean-Paul na 2 ya zo da kansa ya keɓe ta a 1990. Wata rana motarmu ta lalace nan, muka kwana ukku muna jiran kayan gyara, sai na ce bari in je in kashe ƙwarƙwatar ido. Na ce ma mai gadin ƙofa da ɗan Faransancina, wagga ita ce katedaral ɗin ƙasarku? Ya girgiza kai ya ce a'a, wagga bazilik ce, Notre-Dame de la Paix. In katedaral nike nema in koma cikin gari in tambayi Saint-Augustin. Na je kuwa don in gani. Wallahi in ka aje shi gefen waccan, kamar ka aje ɗan akuya gefen raƙumi. Na dawo ina ta mamaki, na ce mutanen nan sun bar doki sun hau jaki. Sai yau da na karanta bayanin kujera na gane.

Nan Nijar kuma abin da sauƙin ƙirga. Katolika yanki biyu gare su duk faɗin ƙasar, Yamai da Maraɗi, katedaral ma biyu. Na Yamai Notre-Dame du Perpétuel Secours, namu na Maraɗi Notre-Dame de Lourdes. Tun 2001 aka yanke na Maraɗi, kuma shi ya haɗa har Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Ka ga ɗan Katolikan da ke Agadas, kujerar bishop ɗinsa sai ya yi tafiyar yini a mota kafin ya gan ta. Damagaram tsohon babban birni ce, da coci a cikinta, amma kujera na Maraɗi. Ƴan Damagaram ku yi haƙuri, ba ni na raba ba.

Mai Fassarar Dare:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta komai sau biyu, na biyun da biro a hannu.

Daren jiya da aiki ya yi sauƙi na buɗe tsofaffin fassarorina a kwamfuta na nemi "babban coci". Abin kunya. Jana'izar Sarauniya Elizabeth a Satumbar 2022 da naɗin Sarki Charles a Mayun 2023, duka na rubuta "babban cocin Landan", ina nufin Westminster Abbey. Yanzu da na bi diddigi, shi ma babu kujerar bishop a ciki, kai tsaye a ƙarƙashin gidan sarauta yake. Kujerar bishop ɗin Angilika na Landan tana St. Paul, ta Katolika kuma tana wani gini dabam mai suna Westminster Cathedral, 'yar tafiya kaɗan daga Abbey ɗin. Wato unguwa ɗaya, suna kusan ɗaya. Sagrada Familia ta Basalona ma, wadda ake ginawa tun 1882, na ba ta sarautar da ba tata ba, basilika ce.

Ga abin da na tsayar. In labari ya ce cathedral kuma na Katolika ne ko Angilika ko wata ɗarika mai bishop, karon farko zan rubuta "katidiral, wato cocin da kujerar bishop take", daga nan sai in ci gaba da "cocin" kawai. In basilica ce zan ce "cocin St. Peter" in bar shi haka, in ana buƙatar nuna girmansa in ce mashahuri. In kuma suna ne a allo, na bi shawarar Yaya 'Yar Wusasa, in bar wa masu abu abinsu. Baba Malam, ka yafe ni, "cocin karaga" ya yi mini daɗi a baki amma masu zuwa cocin sun ce a'a.

Edita bai so ba. Ya ce labaran duniya minti biyar ne, ni kuma na ƙara kalma shida. Na ce masa kalma shida ba su kai daƙiƙa uku ba, na gwada da agogo. Ya ce to, amma ranar da labari ya yi yawa shi zai fara yankewa.

Dattijon kuma na samu lambarsa a littafin masu kira, na buga masa da yamma na karanta masa bayanin kujera. Ya yi shiru, ya ce, "To, yanzu ka yi magana." Ban gama jin daɗi ba sai ya ce ai jiya ma ya ji mun ce "babban limamin Katolika na Kaduna", kuma makon da ya wuce mun ce "babban limamin Katolika na Sakkwato", alhali a Turancin ɗaya archbishop ne ɗaya bishop. Wai wanne ne babban?

Ɗan Katikis:

Hahaha, Baba bai gama da kai ba ke nan. Na Kaduna ne ke gaba, don lardinsa ya haɗa da Sakkwato da Kano da Zariya da Kafanchan da Minna da Kontagora da Katsina, amma ba shi ke juya su ba, kowane bishop da kujerarsa, kuma Rum yake kai rahoto. Bayanin na da ɗan tsawo, ga shi ina kan hanyar ɗauko yara daga makaranta. Buɗe sabuwar tambaya ka sa mini alama, in na dawo da daddare zan shigo.